Motar da ke Miƙewa ta Zama Mutum: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Duk wanda ya ratsa layin ƴan koli gab da Salla, a Magarya ne, ko Dungas, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ya san kayan da ke tsayar da yara cak: usur, tabarau na roba, bindigar ruwa, balan-balan. Jefi-jefi akan ga wata ƴar mota a cikinsu, wadda in aka ja nan aka murɗa can, sai ƙafafu su fito ta baya, hannuwa su fito ta ƙofofi, kai ya leƙo daga ƙarƙashin bonet. Mafi yawan waɗanda ke isowa gare mu kwaikwayo ne na kayan wasan da ake kira Transformers, waɗanda a Japan da Amurka da Turai har magidanta masu furfura ke tarawa, su jera a kabad na gilashi, su yi ta gardama a kan ingancinsu. Gardamar kuwa tana da tushe. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa wannan abin wasa taura biyun aka ba shi: ya zama mota sosai, ya kuma zama mutum-mutumi sosai. Kusan duk bajinta da duk aibin da ke ƙasa daga nan suka taso.

1. Da gwangwanin bola aka tashi

A 1945, bayan yaƙin duniya na biyu, masana'antun Japan sun zama toka. Wani gwanin kayan wasa, Matsuzo Kosuge, ya riƙa tsintar gwangwanayen da sojojin Amurka suka zubar, ya wanke, ya buge su su miƙe, ya ƙera ƴar jif irin ta sojan. Babu inji a cikinta, zaren roba ke tura ta. A watan Disamba na shekarar aka kai ta wani babban kanti a Kyoto a kan yen 10, nan da nan ta ƙare. Daga irin wannan motar gwangwani sana'ar kayan wasan Japan ta farfaɗo, har ta kai ga haifar mutum-mutumin da ke rikiɗa.

2. Tsuntsu ya riga mota

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko a wannan fanni shi ne Raideen na 1975, na kamfanin Popy, wanda Katsushi Murakami ya tsara. Naɗe jikinsa yake yi ya zama tsuntsu. A 1980 kamfanin Takara ya fito da jerin Diaclone, sannan a 1982 wani matashin mai zanensa, Kojin Ono, ya ƙera motar tsere ƙirar Lamborghini Countach da ke miƙewa ta tsaya da ƙafa biyu. Abin da ya sa ta yi fice shi ne, in tana a siffar mota ba mai cewa akwai mutum a ciki.

3. An haɗa gida biyu, ma'auni ya rikice

A 1983 wakilan kamfanin Hasbro na Amurka suka ga kayan Takara a bajekolin Tokyo. Suka ɗauko jeri biyu da ba su da alaƙa, suka gama su da suna ɗaya, Transformers, suka sa a kasuwa a 1984. Jeri na farko, Diaclone, motoci ne da aka ƙaddara ƙananan direbobi, masu tsawon kamar santimita 3 da maganaɗisu a tafin ƙafa, ke tuƙa su. Na biyu, Micro Change, kayan hannu ne a kusan ainihin girmansu: rikoda, kyamara, bindiga. Sakamakon haka, shugaban mutanen kirki, Optimus Prime, kan tirela ne, shugaban miyagu kuwa, Megatron, ƴar bindigar hannu ce ƙirar Walther P38. Masu fim ɗin zanen Transformers na talabijin ba su samu mafita ba, sai suka bar ƙaton ya riƙa tsukewa har wani ya riƙe shi a hannu. Direbobin kuma aka cire su, aka bar kujerunsu wayam a cikin motocin.

4. Jarumai biyu babu kai

Ironhide da Ratchet ƙananan bas ne ƙirar Nissan Vanette, ja da fara, farar motar asibiti ce. A talabijin kowanne da kansa, da fuskarsa, da muryarsa. Yaron da ya matsa wa iyayensa suka saya masa kuwa, yana buɗe kwali sai ya tarar babu kai sam. Wata sitika ce mai hoton fuska aka manna a bayan gilashin gaba. Dalili shi ne tun asali ba mutum aka ƙera ba, injin yaƙi ne da direba ke hawa. Har yau masu tarawa na sa su a sahun gaba in ana lissafin inda fim ya yi alkawari kwali ya saɓa.

5. Launi ya yi musaya

Akwai wani mai suna Bluestreak, wanda hoton da ke kan kwalinsa ya nuna shi da shuɗi a jiki, abin da ke ciki kuwa ruwan azurfa ne. Akwai kuma tagwaye, Rumble da Frenzy. A kanti Rumble ja ne da baƙi, Frenzy shuɗi. A talabijin aka juya su. Har yau magoya baya ba su daina musu a kan wanda ya dace da wane launi ba.

6. Rikodar da ta fi kowa dabara

In ana neman misalin zane mai kyau, Soundwave ake nunawa. Ƴar rikoda ce mai maɓallai da maƙalin ɗamara. In aka danna, ƙofar kaset ta buɗe, kaset ɗin da ke ciki kuma ya warware ya zama damisa, ko tsuntsu, ko ɗan ƙaramin mutum. Bindigoginsa biyu in an naɗe su sai su koma siffar batir, a zura su a gidan batir da ke baya. Ba abin da ya yi saura a ƙasa, ba abin da za a nema gobe. Aibinsa ɗaya: ba ya waƙa. Sai a 2007 aka fito da wani Soundwave da ke kunna sauti da gaske daga ɗan katin ajiya.

7. Shugaba mai ɓatar da hannu

Optimus Prime na 1984 yana da ƙarfe a jiki da tayoyin roba na gaske, amma dunƙulen hannuwansa daban suke zuwa. Sai an cire su kafin ya koma mota, a sake cusa su in ya miƙe. Abin da aka cire kuwa ɓata yake yi. Shi ya sa a kasuwar gwanjo ake yawan ganin tsohon Optimus dungu, ana kuma sayar da hannu guda shi kaɗai da kuɗi mai kauri.

8. Da can ƙafa ba ta takawa

Yawancin na farkon nan hannu kawai suke ɗagawa. Ƙafafun wasu a manne suke da juna, wuya ba ya juyawa. A tsakiyar shekarun 1990 aka yawaita amfani da gaɓa mai ƙwallo a cikin kwarmi, irin ta kafaɗar ɗan Adam. Jerin Beast Wars na 1996, inda aka bar motoci aka koma dabbobi, goggon biri, karkanda, ɓera, kunama, har da zanzaro, shi ya tabbatar da ita. Tana da fa'ida biyu: tana juyawa ko'ina, in kuma yaro ya ja da ƙarfi fita take yi, ba karyewa ba, sai a mayar. Illarta ita ce ƙwallon na cinyewa da yawan juyi, gaɓar ta saki, jarumin ya kasa riƙe bindigarsa.

9. Hanyoyi huɗu na yin coge

A nan ne ake gane gwani. Mota tana da rufi, da ƙofofi, da tayoyi huɗu, mutum kuwa ba ya buƙatarsu. Ina za a kai su? Mai zane malalaci yakan tattara su ya ɗaura wa mutum-mutumin a baya, goyon ya yi nauyi har ya riƙa faɗuwa da ƙeya. Wani yakan ƙera cikakken mutum ya dunƙule shi, ya rufe shi da ɓawon mota, ta yadda in ka kifa motar za ka gan shi kwance a ƙasa yana kallonka. Na uku yakan sa a ciccire sassa a sake jona su a wani wuri, wanda masu tarawa ke ganin ba rikiɗa ba ce, kwance-kwance ne. Na huɗu ya fi wayo: yakan sa wa ƙirji tagogin ƙarya don ya yi kama da na fim, tagogin motar na gaske kuma ya ɓoye su a baya. Wanda ake yabo shi ne wanda bonet ya zama ƙirji, ƙofofi suka zama fukafukai, bayan mota ya tsage ya zama ƙafafu, kowane sashe yana da aiki a siffa biyun.

10. Mai siffa uku, mai siffa shida

Astrotrain na 1985 mutum ne, kan jirgin ƙasa mai gawayi ne, kumbon sama jannati ne. Sixshot na 1987 siffa shida gare shi: mutum, jirgin sama, mota, tankar yaƙi, bindiga da kyarkeci mai fukafukai. An liƙe takardar bayaninsa da hatimi, wai yaro ya gwada gano shidan da kansa kafin ya buɗe. Sai dai gwargwadon yawan siffa, gwargwadon raguwar kamanni: motar Sixshot sai an gaya maka mota ce. Akwai kuma Devastator na 1985, motocin gini shida, da katafila da tifa da motar kwaɓa siminti a cikinsu, da ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya. Kansa da hannuwansa daban suke, in ɗaya ya ɓace an tashi wasa.

11. Cutar robar zinariya

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990 an yi amfani da wata roba mai ruwan zinariya, mai ƙyalli a cikinta. Da sabunta ba ta da laifi. Bayan shekaru sai ta bushe ta ciki, ta riƙa marmashewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Black Zarak na 1988, da Slingshot da Electro na jerin da ya biyo baya, su suka fi shahara da wannan cuta. An sha samun wanda ya karye tun yana cikin kwalinsa, ba wanda ya taɓa shi. Ba ta da magani, kuma gam ba ya riƙe ta, domin gefen wurin da aka liƙe ne zai sake tsagewa. Wanda ya mallaki Black Zarak lafiyayye, ya biya maƙudan kuɗi ne a kan abin da ba shi da halin murɗawa.

12. Fari ba ya zama fari

Farar robar da aka fi yin waɗannan kaya da ita tana komawa ruwan ɗorawa in ta daɗe, musamman in rana ko zafi na bugunta. Jetfire na 1985, farin jirgin yaƙi, ya yi suna a kan haka. Wajen 2008 masu tara tsofaffin kwamfutoci suka yaɗa dabarar shafa sinadarin haidirojin feroksaid a shanya a rana, farin ya dawo. Murna ba ta daɗe ba, domin an ga bayan wani lokaci rawayar na komowa. Shi kansa Jetfire aro ne: jirgin wani fim ɗin Japan ne mai suna Macross, wanda Shoji Kawamori ya zana, kuma ba Takara ke ƙera shi ba. Shi ya sa a talabijin aka sauya masa kama, aka kira shi Skyfire.

13. Nauyi ba shi ne inganci ba

Mai saye yakan ɗaga abu a tafin hannu, in ya ji nauyi ya ce mai kyau ne. Ƙarfen da ake zubawa a waɗannan kaya, gamin tutiya ne, yana da nasa sharrin. Fenti na ɓantarewa daga jikinsa, in kuma aka sa shi a ƙirji ko kafaɗa, nauyinsa ke kashe gwiwoyin roba. Wurinsa tafin ƙafa da ƙwauri, inda zai taimaka wa tsayuwa. Roba mai kama da gilashi ta fi kowace kyau, ta kuma fi kowace saurin tsagewa in aka yi gaɓa da ita. Farin tabo a kusa da gaɓa kuwa gargaɗi ne: robar ta gaji, karaya na tafe.

14. Doka ta ƙwace bindigar Megatron

Megatron na 1984 ya yi kama da bindigar gaske fiye da kima. A 1988 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta sa wa bindigogin wasa alama mai ruwan lemo a bakin bututu, don kada ɗan sanda ya ɗauka ta gaske ce. Da Hasbro ya dawo da Megatron a 1993, sai ya mai da shi koriyar tankar yaƙi. Tun daga nan ya zama jirgi, ya zama dabba, ya zama babbar mota, amma da wuya ya sake zama bindiga mai kama da ta gaske a kantunan yara na Amurka.

15. Bututun da ke auna maƙogwaro

A ƙarshen 1978 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu a Amurka bayan ɗan harsashin robar wani jirgin wasa ya maƙale masa a maƙogwaro. Lamarin ya sauya yadda ake ƙera duk abin wasan da ke harbi. A yau akwai wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, bai halatta a sayar wa ɗan ƙasa da shekara uku ba. Saboda irin waɗannan ƙa'idoji, da aka sake buga tsofaffin Transformers an tsawaita harsasansu, an rage ƙarfin sifirin. Ko babban Optimus na manya, wanda ya fito a Japan a 2003, da ya isa Amurka a 2004 sai da aka gajarta masa bututun hayaƙi.

16. Tambarin da ke jin ɗumin yatsa

Jabu ya bi sahun na ainihi tun shekarar farko. A 1985 Hasbro ya fara manna wata baƙar sitika wadda in aka goga da yatsa, ɗumi ya sa tambarin rundunar jarumin ya bayyana. Babban abokin hamayyarsa a lokacin, GoBots na kamfanin Tonka, ya riga shi shiga kasuwar Amurka a 1983, amma a 1991 Hasbro ya saye Tonka ɗungurungum. Jabun yau iri biyu ne. Akwai mai araha, mai robar da ta yi sirara, wanda aka rage wa sukurori da gaɓoɓi. Akwai kuma wanda aka kwafa aka ƙara masa girma, aka ƙara ƙarfe, wani lokaci har a gyara kuskuren na ainihin. Gundumar Chenghai ta birnin Shantou a kudancin Sin na cikin manyan cibiyoyin ƙera kayan wasan roba a duniya, kasuwar Yiwu kuma ita ce babbar matattarar ƴan sari.

17. An kashe jarumi don a sayar da sabo

A fim ɗin Transformers na 1986, tun kafin a kai rabi, aka kashe Optimus Prime da wasu tsofaffin jarumai, don a buɗe wa sababbin kaya hanya a kanti. Yara suka fita daga silima da kuka, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi. A farkon 1987 aka dawo da shi da rai. Mugun fim ɗin, Unicron, duniya ce sukutum mai cinye duniyoyi, kuma fitaccen ɗan fim Orson Welles ne ya yi muryarsa, ƴan kwanaki kafin rasuwarsa a Oktoban 1985. Mayar da ƙwallo ya zama mutum ya ba masu zane wuya: sai a 2003 Unicron ya shiga kanti.

18. Ƙattai da farashinsu

Fortress Maximus na 1987, mai tsawon santimita 56, ya riƙe kambin tsawo har 2013, lokacin da Metroplex mai kusan santimita 60 ya karɓe. A 2019 Hasbro ya ce zai ƙera Unicron mai tsawon sama da santimita 68, da sharaɗin mutum 8,000 su yi alkawarin saye a kan dalar Amurka 575 kowanne, wato sama da jika 300 na sefa. Sai da aka ƙara wa'adi, amma adadin ya cika. A 2021 kamfanin Robosen ya fito da Optimus mai rikiɗa da kansa in an ba shi umarni da baki, da ƙananan injuna 27 a gaɓoɓinsa, a kan dalar Amurka 700. A 2022 kuma LEGO ya fito da nasa mai guntaye 1,508, wanda ke komawa mota ba tare da an wargaza shi ba.

19. Mafi tsada shi ne wanda ba a taɓa ba

A wurin masu tarawa, yanke salatif ɗin kwali kaɗai na zubar da daraja. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan: su duba kwali, su ba shi maki cikin ɗari, su rufe shi a akwatin roba mai gani-har-hanji. Abin da aka ƙera don ya rikiɗa sai ya ƙare bai rikiɗa ko sau ɗaya ba. Kuma rufewar ba kariya ba ce: batir na iya zubar da ruwa a ciki, taya ta tsage, sitika ta bushe, mai shi yana kallo ba halin buɗewa.

20. Basakkwacen da motarsa ta shiga fim

A fim ɗin Transformers na 2009 akwai wani shuɗin jarumi mai bulalar lantarki, Jolt, wanda ke komawa mota ƙirar Chevrolet Volt, an kuma yi abin wasansa. Siffar Volt ta gwaji, wadda aka fara nunawa a Detroit a Janairun 2007, Jelani Aliyu ne ya zana ta, ɗan asalin Sakkwato. Ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce makarantar zane a Detroit ya gama a 1994, ya shiga General Motors. An sauya wa motar fasali kafin ta shiga kasuwa, amma daga zanensa aka faro. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya.

21. Mai miƙo tawul na shekarar 1206

Tun kafin Japan da Amurka, Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa a 1206, inda ya bayyana na'urori hamsin da yadda ake ƙera su. A ciki akwai agogon giwa, akwai kuma abin wanke hannu: ruwa na zubowa daga bakin ɗawisu, ƙofa ta buɗe wani ɗan mutum-mutumi ya miƙo sabulu, wata ta buɗe na biyu ya miƙo tawul. Ruwa da abin da ke yawo a kansa ke motsa komai.

22. Masana'antar bayan girbi

A nan gida ma yara na ƙera nasu: Guci, cikin gundumar Dungas wadda aka cire daga Magarya a 2011, ƙasa ce ta gero da dawa. Da an gama girbi, kayan aiki sun samu. Yaro zai fere ɓawon kara ya fitar da tsinkaye, ya yanka totuwa gunduwa-gunduwa, ya soke wannan cikin wancan har mota ta tashi da bodi da ƙofa. Wanda ya ƙara wayo ya koma gwangwanin madara ko na tumatir, da waya, da langa-langa. Tayoyi daga tsohon silifa ake yanko su, ko marfin kwalba. A ɗaure da robar cikin taya, a ja doguwar sanda ta zama sitiyari, mai mota ya tuƙa yana tsaye. Matsalolin da yake fama da su su ne na injiniyoyin Takara: ramin taya in ya yi faɗi ta yi ta rawa, in ya matse ta ƙi juyawa, kaya in sun yi sama motar ta kife, duk inda ake lanƙwasawa nan ne zai fara karyewa. Aibin motar kara a fili yake: gara na ci, akuya na ci, ruwa na lalata ta, bakin gwangwani kuma na yanka yatsa. Amma tana da abin da Unicron na jika 300 ba shi da shi. Wanda ya ƙera ta shi ke wasa da ita, ya san kowace mahaɗa, in ta karye da hantsi kafin la'asar ta koma hanya. A Kano, a 2022, wani matashi ɗan shekara 17 ya ja hankalin kafofin labarai da mutum-mutumin da ya haɗa da kwali, da bututu, da waya, da ƙananan injuna, wanda ke kwaikwayon motsin hannun mai sarrafa shi.

23. Ƙasarmu ba ta raga wa roba

A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Damagaram na haura digiri 40, cikin ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Roba mai laushi takan lanƙwashe ko ta yi danƙo, gam ɗin sitika ya saki. Hunturu ya zo da ƙura, ƙasa kuma rairayi ce. Ƙwayar rairayi ɗaya a cikin gaɓa na goge ta duk lokacin da aka murɗa. Kada a ɗiga man inji ko man gyaɗa don a sassauta ta: wani man na cin roba, kowanne kuma na tara ƙura. Busasshen buroshin haƙori da inuwa sun wadatar.

24. Kafin a biya mai kaya

Kayan da ke shigowa daga Kano, ta Ɓaɓura zuwa Magarya ko ta Maigatari zuwa Dungas, ba a mayar da su in sun karye, don haka gwajin a gaban tebur ake yin sa. A roƙi mai kaya ya rikiɗa shi sau ɗaya a ga ko yana komawa daidai. A tsayar da shi a ga ko yana tsayuwa ba tallafi. A juya bayansa: mai sukurori ana iya kwance shi a ɗaure, wanda aka liƙe da gam in ya fashe shi ke nan. A murza fentin da yatsa, in ya biyo hannu a ajiye, domin wani fentin na ɗauke da dalma, kuma ko babban kamfani irin Mattel sai da ya janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya a Agustan 2007 saboda ita. In yana da fitila, a tabbata gidan batir da sukuru yake rufe, don ƙaramin batir mai kama da maɓalli in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙoshi cikin ƴan awoyi. In akwai mai rarrafe a gida, a cire harsasai da duk ƙananan guntaye tun a kasuwa, a bar wa mai kaya.